Daga Bolt 380,000 Zuwa Ƙasa Da Bolt Ɗaya: Tafiyar Wuta A Cikin Cibiyar Adana Bayanai

A watan Mayun 2025 aka ƙaddamar da Humain a Riyad, kamfanin ƙirƙirarriyar basira mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. Cikin sanarwar da ta biyo baya har da yarjejeniya da Nvidia, kamfanin Amurka mai ƙera ƙwaƙwalen kwamfuta, kan gina cibiyoyin adana bayanai da za su kai megawat 500 cikin shekara biyar. Wata uku kafin nan, kamfanin DataVolt da hukumar Neom sun sanar da tasu a Oksagon da ke arewa maso yammacin ƙasar, mai megawat 1,500. Wanda ya fito daga Najeriya zai gane nauyin wannan magana idan ya tuna cewa madatsar Shiroro, injinanta huɗu duka suna aiki, megawat 600 take bayarwa.

Ma'aunin kansa abin lura ne. Da megawat ake faɗin girman irin wannan gini, kamar tashar wuta, kuma mai hayar wuri a cikinsa kilowat yake biya. Fili ba ya wahala a nan Saudiyya, kwamfuta kuma mai kuɗi na iya saye. Abin da ke da wuya shi ne wutar da ba ta ko ƙiftawa, dare da rana, rani da hunturu. Sabunta iƙama a Absher, neman izinin Rauda a Nusuk, tura wa iyali kuɗi gida da waya, duk a cikin irin waɗannan gine-gine aikin yake gudana. Oracle ta buɗe tata cibiyar a Jidda a 2020, Google ta buɗe a Dammam a 2023. Idan ka samu shiga ɗaya daga cikin irinsu, za ka yi mamakin yadda ɗakunan taransifoma, batir, janareta da injinan sanyi suka cinye wuri. Zauren kwamfutocin wani yanki ne kawai.

Mazaunin Jidda ba ya buƙatar dogon turanci kan bolt da amfiya, domin ya san sha'anin ruwa. Akwai tankin ƙasa, akwai dinamo mai tura ruwa sama, akwai tankin saman gini, ga kuma wayit, wato tankar ruwa, da ake kira idan ruwan kamfani ya makara. Bolt shi ne ƙarfin turin. Amfiya ita ce yawan abin da ke bi ta bututu a kowane sakan. Ka ninka wannan da wancan, ka sami wat, wato aikin da ake yi. Mukayyif ɗin taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai jan amfiya 9 a kan bolt 220 yana cin kusan wat 2,000, kilowat 2 ke nan. Ka bar shi ya yi awa guda, addad, wato mitar wuta, ya rubuta maka kilowat-awa 2, kowanne halala 18 (halala ɗari ke yin riyal ɗaya) ga gidan da bai haura 6,000 a wata ba. Kilowat dubu shi ne megawat ɗaya.

Akwai ƙa'ida ɗaya da duk sauran bayanin ya rataya a kanta. Waya tana zafi idan wuta na bin ta, kuma zafin nan asara ne. Amfiya ce ke kawo shi, kuma ba daidai-wa-daida yake hawa ba: idan amfiya ta ninku sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu, idan ta ninku sau goma, zafi ya ninku sau ɗari. Saboda haka duk mai son kai wuta mai yawa wuri mai nisa sai ya ɗaga bolt don amfiya ta sauka. A ɗauki megawat ɗaya. A kan bolt 400 na fes uku, yana buƙatar amfiya kusan 1,440, abin da sai an jera kebul masu kauri da yawa ko sandunan jan ƙarfe kafin su ɗauka. A kan bolt 13,800, amfiya 42 ta isa, kaɗan ta fi abin da birekan murhun lantarki ke ɗauka. A kan bolt 380,000, amfiya ɗaya da rabi ne kacal. Aikin taransifoma ke nan, musayar bolt da amfiya, kuma ba ya yin sa sai da wuta mai kai-komo, wadda ake rubutawa AC. Wutar batir, DC, hanya ɗaya take miƙewa, kuma ita kwamfuta ke ci.

Fes uku da na ambata layuka uku ne masu ɗauke da wuta, kowanne kai-komonsa na bin bayan ɗan'uwansa. Tsakanin layi ɗaya da nutural bolt 230, tsakanin layi da layi bolt 400. Sai kuma bambancin kVA da kilowat, inda ake yawan cutar mai saye: janaretan da aka rubuta wa kVA 1,000, galibi kilowat 800 yake iya bayarwa. A kan kilowat ake lissafin kaya.

Saudiyya tana da nata halin a nan. Wutarta sau 60 take kai-komo a sakan, irin ta Amurka, alhali Najeriya, Nijar, Sudan da maƙwabtanta na Tekun Fasha duk 50 suke yi. Shi ya sa da aka haɗa layin ƙasashen yankin, sai da aka gina tasha a Fadili, can gabas, wadda ke mayar da wutar DC sannan ta sake mayar da ita AC kafin ta tsallaka. Shi ya sa kuma wani firjin da alhaji ya saya a nan ya kai Kano yakan yi ta wahala, domin injinsa yana juyawa a hankali fiye da yadda aka tsara shi. Cajar waya da kwamfuta ba ruwansu, a duba jikinsu za a ga 50/60 Hz. Amma injinan sanyi, famfuna da janareta sai an yi odarsu da sunan 60. Janaretan nan sau 1,800 yake juyawa a minti, na Najeriya 1,500. Waɗanda suka daɗe a tsofaffin gidajen Makka da Jidda sun san soket ɗin 110 da na 220 a ɗaki ɗaya, sun kuma san warin abin da aka sa a inda bai kamata ba. Tsohon tsarin 127/220 ke nan. A 2010 majalisar ministoci ta yanke a koma 230/400 cikin shekara 25, sababbin cibiyoyi kuwa a kan sabon ake gina su tun daga tushe.

To mu bi wayar. Wuta ta taso, a ce, daga Shu'aiba a kudancin Jidda ko daga Rabig a arewa. An ɗaga ta zuwa bolt 380,000, ta hau manyan turaku. Kusa da gari ta sauka zuwa 110,000 a nan yamma, ko 132,000 a yankin Riyad. Ƙaramar cibiya za a ba ta layin 13,800 ko 33,000. Babba kuwa tashar kanta take ginawa ta karɓa daga babban layi, kuma ana so layi biyu ne daga tashoshi biyu, waɗanda ba a binne su a rami ɗaya ba, don kada katafila ɗaya ta tsinke su tare. Cikin harabar, taransifoma ya sauke ta zuwa 400. Ta shiga babban tablon, wato allon rarraba wuta, ta ratsa UPS, na'ura mai batir da ke hana wuta yankewa, ta fito zuwa ƙananan tablon, ta bi sandunan jan ƙarfe da ke rataye saman layin kabad-kabad ɗin ƙarfe da ake jera kwamfutoci a ciki. A bayan kowane kabad akwai dogon jerin soket. Mai amfiya 32 a fes uku yana ɗaukar kilowat 22. Daga nan kowace kwamfuta tana da akwatin wutarta da ke mayar da AC zuwa DC, bolt 12 ko 48. Mataki na ƙarshe a kan allon kwamfutar yake, gab da ƙwaƙwalwarta, inda ake sauke wutar zuwa ƙasa da bolt ɗaya. A wannan gaɓa lissafin nan na farko ya juyo da ƙarfinsa: ƙwaƙwalwar H100 ta Nvidia tana cin wat 700, kuma a ƙasa da bolt ɗaya wannan ɗaruruwan amfiya ne, suna shiga abin da bai kai tafin hannu ba. Kowane mataki yana cin nasa kason na asara, kuma kowanne wuri ne da abu zai iya lalacewa.

Wani dattijo ya taɓa tare ni da tambaya a majalisa bayan la'asar. Ya ce, "Ɗana, mu da muka baro ƙasar janareta, nan wuta sai ta shekara ba ta ɗauke ba. To su kuma janaretan me suke tarawa?" Na ce, "Baba, abin da ku ba ku gani ba, ita kwamfuta tana gani." Gaskiyar ke nan. Idan aka sami matsala a wani babban layi, ko da nisan kilomita ɗari ne, wuta kan yi ƙasa na ɗan ƙanƙanin lokaci kafin bireka ya yanke wurin. Kai a ɗaki sai ka ga fitila ta ɗan lumshe, ko ma ba ka lura ba. Akwatin wutar kwamfuta kuwa abin da yake iya riƙewa bai wuce milisakan 10 zuwa 20 ba, wato kashi 1 ko 2 cikin 100 na sakan. Kai-komo ɗaya na wutar ƙasar nan milisakan 17 ne bai cika ba. Ta rasa kai-komo biyu, ta mutu. Kuma mutuwar kwamfutar banki a tsakiyar rubuta ciniki ba irin ta talabijin ba ce da za a kunna a ci gaba da kallo. Ana iya kwana ana gyaran bayanan da suka cakuɗe.

Janareta kuwa, ko wanda aka fi ji da shi, yana buƙatar kusan sakan 10 ya tashi, ya daidaita, ya karɓi kaya. Tsakanin milisakan 20 da sakan 10 akwai rata sau 500, kuma kuɗi mai yawa wajen toshe wannan ratar yake tafiya. UPS shi ne tankin saman gini, janareta shi ne wayit: na farko yana riƙe gida har na biyu ya iso.

Irin UPS ɗin da manyan cibiyoyi suka fi amfani da shi ya bambanta da inbatar gida. Inbatar gida tana jira a ɗauke wuta sannan ta karɓa. Wannan kuwa kullum ta cikinsa wuta take bi: ya mayar da ita DC, ya sake ƙera sabuwar AC mai tsabta, batura na rataye a tsakiya. Idan wutar waje ta yanke, babu wani makunni da zai motsa, batir kawai ya ci gaba da ciyar da abin da dama yana aiki. Kuɗin wannan kwanciyar hankali shi ne asarar kashi 3 ko 4 cikin 100 a kullum. Baturan ba na kwana ba ne, minti 5 zuwa 15 ake lissafa musu. Mutane kan yi mamakin ƙanƙantar lokacin, amma idan janareta bai tashi a minti na farko ba, da wuya ya tashi a na goma sha biyar. Wasu cibiyoyin ma ba sa ajiye batir, sai wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa ba tsayawa, ƙarfin juyinsa ya riƙe wuta na 'yan sakanni har injin dizal ya kama.

Batir ba ya shiri da zafi. Na dalma an tsara shi ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba shekarunsa biyu. Mugun halinsa shi ne jeri ake haɗa su, ɗaya ya mutu ya ja sauran, kuma ba ya nuna alama sai ranar da aka neme shi. Na litiyam ya fi ƙanƙanta, ya fi daɗewa, ya fi jure zafi, shi ya sa ake ta komawa gare shi, amma idan ya kama wuta kashe shi jan aiki ne. A Oktoban 2022 gobara ta tashi a ɗakin batir na wata cibiya a Pangyo ta Koriya ta Kudu, manhajar KakaoTalk da kusan kowa ke amfani da ita a ƙasar ta tsaya, aka ɗauki kwanaki kafin komai ya dawo. A Maris na 2021 ginin kamfanin OVHcloud guda ya ƙone ƙurmus a Strasbourg ta Faransa, daga ɗakunan wuta gobarar ta fara. A duka biyun, kayan da aka ajiye don kariya su suka jawo ɓarnar.

Janaretan cibiya yakan kai megawat 2 zuwa 3 kowanne, a jere. Mai megawat 2 idan ya ɗauki cikakken kaya yana shan dizal sama da lita 500 a awa. Hukumar Uptime, wadda ke ba cibiyoyin bayanai shaidar daraja, mafi ƙarancin abin da take nema shi ne man awa 12 a harabar, da yawa kuma sukan ajiye na kwana biyu ko uku. A nan ƙasar sai an ƙara da lissafin zafi da ƙura, domin injin da aka rubuta wa ƙarfi a sanyin Turai ba zai ba da shi duka ba ranar da Riyad ta haura digiri 45. Dizal ɗin da ya daɗe a tanki yana tara ruwa da dauɗa. Injin da ake kunnawa ba kaya kuma yana tara baƙin mai a bututun hayaƙinsa. Inda wuta ba ta ɗaukewa, a ganina, nan janareta ya fi zama abin tsoro. Na Kano kullum cikin gwaji yake, mai shi ya san tarinsa. Na Jidda yana iya shekara bai ɗauki kaya na gaskiya ba.

Yanzu ga inda harkar ta fi daɗi, kuma ta fi haɗari. Idan kayanka na buƙatar janareta uku, ukun nan su ne N. Ka sayi huɗu, ka yi N+1, ɗaya na iya lalacewa ko a buɗe shi don gyara. Ka gina komai biyu-biyu, taransifoma, tablon, UPS, kebul, tun daga ƙofa har kabad, ka yi 2N: hanyar A da hanyar B. Kowace kwamfuta tana da akwatin wuta biyu, ɗaya a A, ɗaya a B, suna raba kaya. Darajojin Uptime huɗu a kan wannan suka ginu. Ta uku tana nufin za a iya kashe kowane ɓangare a gyara ba tare da kwamfuta ta tsaya ba. Ta huɗu tana nufin ko wani abu ya lalace ba zato, aiki zai ci gaba. A talla za ka ga ana liƙa musu kashi 99.982 da 99.995 cikin 100, wato kimanin awa ɗaya da rabi ko minti 26 na tsayawa a shekara. Kuma shaidar zane daban take da shaidar ginin da aka kammala aka gwada. Mai hayar wuri ya tambayi wacce ake nuna masa.

Tarkon 2N a lissafi yake. Tunda A da B suna raba kaya, kowace hanya ba ta da izinin wuce rabin ƙarfinta. Amma mai duba mita yana ganin kashi 45, sai ya ce ai akwai wuri. A ƙara kwamfuta yau, a ƙara gobe, kowace hanya ta kai kashi 60. Komai lafiya, babu ƙararrawa, babu zafi. Ranar da A ta faɗi, kayanta gaba ɗaya su koma kan B, ta tsinci kanta da kashi 120, birekanta ya yanke. An kashe kuɗin hanya biyu, an sami duhun hanya ɗaya. Irin wannan kuma a kowane mataki yake iya faruwa, daga soket ɗin bayan kabad har babban tablon. Akwai ɗan'uwansa: ma'aikaci ya sa wayoyin kwamfuta biyun duka a A don ita ta fi kusa da hannunsa. Akwai kuma saitin bireka. Idan waya ta haɗu a kabad ɗaya, ƙaramin birekan wurin ya kamata ya yanke, ba babban da ke riƙe da zaure duka ba, kuma wannan sai an zauna an lissafa lokacin kowanne. Binciken da Uptime ke fitarwa shekara-shekara ya daɗe yana nuna cewa wuta ce kan gaba cikin dalilan manyan tsayawa, kuma a cikin matsalolin wutar, UPS ne ya fi yawa. A Mayun 2017 kamfanin jiragen British Airways ya tsaya cik, fasinja kusan 75,000 suka rasa tafiya. Bayanin shugaban kamfanin da ya mallake shi shi ne an cire wutar wata cibiya kusa da filin jirgin Heathrow na Landan, aka mayar ba bisa tsari ba. Wutar gari tana nan lafiya lau a ranar.

Sai zafi. Kusan duk wat ɗin da ya shiga kwamfuta zafi yake zama, babu inda yake zuwa. Zaure mai megawat 10 murhu ne mai megawat 10, kuma fitar da zafin nan wata wutar yake ci. Ma'aunin da ake amfani da shi tun 2007 shi ne PUE: a raba duk wutar da ta shiga gini da wadda ta isa kwamfutoci. Matsakaicin duniya yana wajen 1.5 da ɗoriya, Google tana ba da rahoton kusan 1.1. Bambancin ba wasa ba ne. Cibiya mai kwamfutocin megawat 20, a 1.5 tana jan 30, a 1.3 tana jan 26. Megawat 4 ɗin nan a shekara kilowat-awa miliyan 35 ne, ko da farashin gida na halala 18 aka lissafa ya haura riyal miliyan 6. Shi ya sa idan aka faɗi megawat ɗin cibiya ya kamata a tambaya: na bakin ƙofa ne, ko na kwamfutoci?

Iskar da ake so ta shiga kwamfuta tsakanin digiri 18 zuwa 27 take. A Suwidin ko Ailan iskar waje ta isa yawancin shekara. A nan kuwa Riyad busasshen zafi gare ta, sanyaya da tururin ruwa zai yi aiki, sai dai ruwan da tsada, da yawansa daga teku ake tace shi a turo shi ɗaruruwan kilomita. Jidda da Dammam ga ruwan teku kusa, amma laima ta cika iska, ga gishiri mai cin ƙarfe. Kowanne ka zaɓa sai ka biya. A Yulin 2022 da zafin Landan ya kai digiri 40, injinan sanyi na cibiyoyin Google da Oracle a can sun gaza. Abin da ya zame musu bala'i, mu nan ranar Talata ce ta watan Yuli.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: manyan injinan sanyi galibi ba sa kan UPS, sun yi nauyi. Idan wuta ta yanke, kwamfutoci na ci gaba da aiki a kan batir suna fitar da zafi, injin sanyi kuwa ya tsaya, kuma ko janareta ya kama sai ya ɗauki mintoci kafin ya dawo da ƙarfinsa. Shi ya sa ake ajiye manyan tankunan ruwan sanyi, a ɗora famfuna da fankoki a kan UPS.

Ƙirƙirarriyar basira ta zo ta dagula duk lissafin da aka saba. Kabad na da kilowat 5 zuwa 10 yake ci. Kabad ɗin Nvidia mai ƙwaƙwalwa 72, GB200 NVL72, yana cin kusan kilowat 120, daidai da mukayyif 60 a filin da bai fi na firji babba ba. Iska ba za ta iya kwashe wannan zafi ba, dole a kai ruwa ta bututu har kan ƙwaƙwalwar, ruwa da wuta a kabad ɗaya. A bolt 50 da ake rarrabawa a cikin kabad ɗin, kilowat 120 amfiya sama da 2,000 ne, jan ƙarfen da zai ɗauke ta ya fara yin yawa. Amsar ita ce dai wadda aka bayar a kan turakun Shu'aiba, a ɗaga bolt: Nvidia ta sanar da shirin komawa DC mai bolt 800 daga 2027. Ga kuma wani sabon hali. Dubban ƙwaƙwalen nan idan suna horar da manhaja ɗaya tare suke ja, tare suke saki, sai kayan ya riƙa hawa da sauka cikin sakanni, abin da janareta ba ya so ko kaɗan.

Kamfanin wuta ma yana da nasa fargaban. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024, kuma abin zai ninka zuwa 2030. Kason ba shi da yawa, sai dai a wuri ɗaya suke taruwa. A Ailan sun haura kashi 20 na wutar ƙasar. A Yulin 2024 aka sami matsala a wani layi a arewacin Bajiniya ta Amurka, cibiyoyi da dama suka ga wuta ta girgiza, kowacce ta kare kanta ta koma kan batir da janareta. Kusan megawat 1,500 suka ɓace daga layi a lokaci guda, masu kula da wutar yankin suka yi ta fama kada bolt ya yi sama. Saudiyya tana da ƙarfin da ya fi na yawancin ƙasashe, bukatar bazara ta haura megawat 70,000, amma wannan ƙololuwar mukayyif ce ke kawo ta, a daidai watannin da cibiyoyin ma suka fi jan wutar sanyi. Hasken rana yana taimakawa, Sakaka na da megawat 300, Sudair 1,500, kuma burin ƙasar shi ne rabin wutarta ya fito daga makamashi mai sabuntuwa nan da 2030. Sai dai cibiya ba ta barci. Abin da take ci da ƙarfe uku na dare, iskar gas ce ko mai ko manyan batura za su biya shi. Babban taransifoma kuma yanzu sai a yi shekara biyu ko fiye ana jiran oda, ginin kan riga wutarsa kammaluwa.

'Yan'uwanmu da ke aikin wayarin a Makka, Jidda da Madina suna yawan tambaya ko akwai ƙofa a wannan harka. Akwai, domin cibiya awa 24 take buƙatar masu wuta, amma ladabin wurin daban ne da na gyaran gida. Ba a taɓa bireka sai da takardar aiki da aka rubuta mataki-mataki, wani na karantawa, wani na yi. Wanda ya kashe layi yana sa kwaɗonsa da sunansa, mabuɗin na aljihunsa, kuma sai ya gwada da mita ya tabbatar babu wuta, domin a ginin da ke da hanya biyu da batura, kashe bireka ɗaya ba ya nufin waya ta mutu. Babban tablon mai dubban amfiya idan sukundireba ya faɗa tsakanin sandunansa, tartsatsin da ke tashi ya fi saman rana zafi, yana narka jan ƙarfe ya watsa shi, shi ya sa ake sa riga da hular kariya ta musamman. Ana zagayawa da kyamarar zafi ana neman kusoshin da suka saki. Ana haɗa wa janareta kayan gwaji a sa shi ya yi awanni da cikakken nauyi. Cibiyoyin da suka san abin da suke yi kuma sukan sa rana, su tara kowa da kowa, su yanke wutar kamfani da hannunsu, su tsaya da agogo suna ƙirga sakan nawa janareta zai ɗauka. Masu ginin da yawa ba sa son wannan gwajin, kuma a nan Saudiyya wanda zai yi shi yakan jira watan Janairu.